Ajin Doka na Ranar Laraba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da gwiwar nan taka da ba ta barin ka sakat. Ka gaishe mini da matar gida, ka ce mata rigarta na nan kan keke, hannu ɗaya ya rage.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Kunnenka ne ya hana. In na kira ka sai na ɗaga murya har matan gidan hayarmu sun ajiye wanke-wanke suna saurare, maganar kuwa ba ta tsakar gida ba ce. Shi ya sa na ba direban nan da ke bi ta wajenku ya miƙa maka.

Maganar Auta ce. Yaron nan ya canza mini, kuma na san daga inda abin ya faro. A zangon nan makarantarsu ta shigo da sabon darasi, wai darasin doka, duk ranar Laraba. Wai don yara su san abin da ke laifi, su guje shi. An kawo wata mata, suna ce mata Malamar Doka. Ni dai tun da na ji ban yarda ba. Yaron da bai gama sanin lissafi ba, me ya haɗa shi da kotu? In ka koya wa yaro inda katanga ta tsaya, ai ka koya masa inda zai haura ne.

Ga abin da na gani da idona. Ka san tun rasuwar babansu, babban ɗana Injiniya, wan Auta, shi ne ke riƙe da gidan nan da rumfarsa ta gyaran waya, Auta kuma kullum in an tashi makaranta can yake wucewa ya taya shi. Hannunsa ya fi na wan nasa laushi wajen ƙananan kusoshin nan, kowa a layin ya sani. To ya daina zuwa. Yau ciwon kai, gobe aikin gida, jibi wai an tsayar da su a makaranta. Wayar da Injiniya ya ba shi, mai kyau, wadda sa'o'insa ke sha'awa, ya naɗe ta a leda ya ajiye wa wan nasa a kan gado. Wane yaro ne a zamanin nan yake mayar da waya?

Sai tambayoyi. Ina cikin yanka yadi ya tsaya a kaina ya ce, "Mama, in mutum ya yi abu bai san laifi ba ne, daga baya ya sani, ana kama shi da na baya?" Na ce da uban wa ka yi? Ya ce a'a, darasi ne. Shekaranjiya motar 'yan sanda ta ratsa ta titinmu, hanyarta kawai take bi, na ga yaron nan ya saki bokiti a bakin famfo ya shige ɗaki.

Ita kuma Malamar, maƙwabciyata mai ɗa a ajinsu ta ce an taɓa ganin ta tana fitowa daga caji ofis. Ban sani ba ko ita ce ke lalata yara, ko kuma tatsar su take yi tana kai wa hukuma. Ko wanne ne, ba na son ɗana a ciki.

Yaya, kai ka yi aikin gandiroba har ka yi ritaya, ka ga irin yaran da ake kawowa. Ka gaya mini gaskiya, haka suke farawa? Ni tsoro nake ji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Injiniya da na yi masa maganar dariya ya yi, ya ce ƙuruciya ce.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ƙanwarka mai ɗinki

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, gwiwa kuma tana nan tana mulkinta. Matar gida ta ce hannu ɗayan nan tun bara yake ragewa, ko dai rigar mai hannu ɗaya kika yi niyya ki faɗa mata ta saba.

Ke dai tun kina yarinya ba kya ganin inuwa ki bar ta ta wuce. Amma wannan karon ba zan yi miki dariya ba, don abin da kika lissafa bai yi mini daɗi ba. A aikinmu mun san abu ɗaya: wanda bai yi komai ba ba ya tambayar hukunci. Yana iya tambayar mene ne laifi, wannan son sani ne. Amma mai tambayar "ana kama shi da na baya?" yana da na baya. Sakin bokitin nan ma na san shi, na ga manya masu gemu suna yin irinsa in sun ji ƙarar mukulli.

Batun darasin kuwa, ban ga aibunsa ba a kan kansa. Da yawa daga yaran da na rufe wa ƙofa sai a ciki suka fara jin sunan laifin da suka yi. Amma Malamar ban san ta ba, ban kuma san abin da take nema ba, don haka ki sa mata ido. Fitowa daga caji ofis ba shaida ba ce, ni ma na sha fitowa daga gidan yari kullum da yamma.

Ga shawarata. Ki duba jakarsa da ƙarƙashin katifarsa ba tare da ya sani ba. Ki kula da abokansa, musamman sababbi, da wanda ya girme shi. Sannan, kuma wannan ya fi komai, ki mayar da shi rumfar wansa ko yana so ko ba ya so. Yaro mai lokacin banza tsakanin tashi makaranta da magariba shi ake ɗauka. A gaban wansa, da sukundireba a hannu, babu wanda zai ja shi wani wuri. Kada ki lallashe shi, kin cika lallashi in ya zo kan Auta. Ki ce da Injiniya ya riƙe shi da kyau, ya ba shi aiki har ya rasa lokacin tunani.

Ki rubuto mini abin da kika gani. Ki gaishe da yaran, amma kada ki ce da Auta na san komai.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Na yi duk abin da ka ce. Na zazzage jakarsa, littattafai ne da guntun fensir da safa ɗaya mai wari. Ƙarƙashin katifa babu komai sai ƙura da ta tona mini asirin shara. Abokai kuwa babu sabo, tsofaffin ma ya rage su. Wallahi da na sami wani abu da hankalina ya fi kwanciya, don aƙalla na san da me nake faɗa.

Ranar Laraba na ɗauki yunifom ɗin da na ɗinka wa makarantar na kai da kaina, don in sami dalilin shiga. Na bi ta bayan ajinsu na tsaya jikin taga. Yaya, kotu suka kafa. Sun jera tebura, wata yarinya ta yafa baƙin mayafi wai ita ce alƙali, tana buga dasta a kan tebur. Ga masu shaida, ga lauyoyi da takardu a hannu. Malamar na can baya a zaune, 'yar siririya, ta harɗe hannu tana kallo kamar ba ita ta haɗa ba. Wanda ake tuhuma kuwa, wanda suka tsayar a bayan kujera a gaban kowa, ɗana ne.

Ƙarar wai ta wani yaro ce da aka samu da kayan sata a hannunsa. Wani ɗan ƙiba da ke gabatar da ƙara yana nuna shi da yatsa yana cewa, "Ka sani ko ba ka sani ba?" Ajin na dariya. Auta bai yi dariya ba. Ya ce, "Da farko ban sani ba." Ɗan ƙiban ya ce, "Daga baya fa?" Sai ya sunkuyar da kai, har yarinyar ta buga dasta. Ni na haife shi, na san lokacin da yake wasa, wannan ba wasa ba ne. Na kasa tsayawa, na ajiye yunifom a ofis ko ƙirgawa ban jira an yi ba.

Cikin yaran da suka cika ajin nan, me ya sa shi ta zaɓa? Ko dai ta san wani abu tana matsa shi ya furta a gaban shaidu, ko kuma ta ga maraya ne mara gata. Ɗan maƙwabciyata ya ce ba ranar ce ta farko ba, kusan kullum shi ne a bayan kujerar.

Da ya dawo ban tsaya jin ta bakinsa ba. Na ce daga gobe rumfa, in kuma ya ƙi, to ya nemi wata uwar. Ya ce, "Mama, don Allah ki bar ni in taya ki a keke, zan yi guga, zan sa maɓalli." Na ce ba na bukata. Ya dube ni har idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "To." Raina bai so ba, amma na daure kamar yadda ka ce.

Injiniya ya ji daɗi ƙwarai. Har sabon tebur ya sa masa a gaban rumfar, ya ce yanzu Auta ne mai karɓar aiki, shi zai riƙa zirga-zirgar sayo kaya. Ka ga aƙalla ɗaya daga cikinsu yana da hankali.

Zan rubuta wa matar nan, don in na je da bakina ba za a ji daɗi ba. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka

*

Zuwa ga Malamar Doka,

Assalamu alaikum. Ni ce mahaifiyar yaron da kike tsayarwa a bayan kujera duk Laraba. Ina fata kina lafiya.

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san ba a kai yaro makaranta don a koya masa tsayuwar ɓarawo ba. Ina so ki gaya mini abu uku. Me ya sa ɗana? Me ya gaya miki? Kuma wa kike kai wa abin da yara suka faɗa a ajinki, tunda an gan ki a caji ofis?

In kin san wani abu a kansa, ni ya kamata ki fara gaya wa, ba aji ba, ba kuma hukuma ba. In ba ki san komai ba, ki fita harkarsa. Na riga na yanke shawarar zuwa wurin shugaban makaranta a cire sunansa daga darasin, na dai ga ya dace in fara jin ta bakinki.

Na gode.

Mahaifiyarsa

*

Zuwa ga Mama,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na karɓi wasiƙarki, na kuma gode da kika fara tuntuɓata kafin ki je ofis. Ina fata ke da iyali kuna lafiya.

Zan amsa tambayoyinki yadda kika jero su. Ba ni nake zaɓar wanda zai tsaya ba. A tsarin ajina yara ne ke ƙirƙiro ƙarar, su ne kuma ke raba wa kansu matsayi. Yawancinsu rububin zama alƙali suke yi. Ɗanki shi ke ɗaga hannu ya nemi a tuhume shi, kuma ƙarar da kika gani shi ya kawo ta. Na taɓa ce masa ya gwada matsayin lauya, ya ce a'a.

Bai gaya mini komai ba, ni kuma ban tambaye shi ba. Ƙa'idata ce ba na tambayar yaro daga ina ya samo labari, don ranar da na fara, ranar za su daina kawowa. Ba na kai wa kowa maganar aji. Ina zuwa caji ofis, gaskiya ne, saboda kafin koyarwa aikin lauya na yi, kuma har yanzu in an kama yaro mara kowa akan kira ni in tsaya masa.

Abin da na koya musu a makonnin nan kaɗan ne. Cewa wanda ya karɓi kaya, ko ya ɓoye, ko ya sauya musu kama alhali ya san na sata ne, shi ma ya shiga laifin ko da bai je wurin satar ba. Cewa kada su sa hannu a takardar da ba su karanta ba. Cewa in an kama su su faɗi shekarunsu, su nemi a kira iyayensu. Ranar da na yi darasin farkon nan, ɗanki bai fita tara ba, ya zauna shi kaɗai a aji.

Akwai abu ɗaya da ba sirrin yaro ba ne, don haka zan faɗa miki. Kwanakin baya wani saurayi ya tare ni a bakin get, ya ce shi wansa ne. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce yana jin daɗin darasin. Sannan ya tambaye ni me ake yi wa yaron da bai kai sha takwas ba in an kama shi da kaya, ko gaskiya ne gargaɗi kawai ake yi masa. Na ce masa ba haka abin yake ba, ya dogara da laifin da kuma alƙali, kuma ko an sassauta tabon yana bin yaro. Ya yi godiya ya tafi. Tambayar ta tsaya mini a rai, domin bai tambayi yadda zai kare ƙanen nasa ba.

Ba na zargin kowa, Mama, ban ga komai da idona ba. Kina da ikon cire shi daga ajina. Roƙona kawai, kafin ki tambaye shi me ya sa yake zuwa wurina, ki tambaye shi ko akwai wurin da ba ya son zuwa, ki kuma saurari amsar.

Allah ya raya mana su.

Malamar Doka

*

Yaya,

Sallama.

An kama Auta ranar Asabar. Yanzu yana gida, kada hankalinka ya tashi fiye da kima, amma maganar ba ta ƙare ba.

Amsar Malamar ta zo mini ranar Juma'a, ga ta nan na haɗo maka ka karanta. Da na karanta haushi na ji. Na ce wato ta rasa abin cewa sai ta jefa wa Injiniya, yaron da ke ciyar da mu. Na cusa ta ƙarƙashin keke. Da safe Auta ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaura takalmi, yana kwancewa, yana sake ɗaurawa. Tambayar da ta ce in yi masa tana bakina, sai na ce, "Ka yi sauri wanka na jira."

Wajen azahar mai sayar da caja na kusa da rumfarsu ya zo a guje. Wai an ƙwace wa wata mata waya a tasha, 'yan sanda suka bi sawunta har layin masu gyara. A kan teburin Auta suka same ta, a buɗe, yana cikin goge ta. Ka san gogewar, a share duk abin da ke cikin waya ta koma kamar ba ta taɓa mai ita ba. A aljihun teburin kuma akwai wasu, babu kwali, babu caja, babu rasit. Injiniya ba ya nan, ya tafi sayo kaya. Mai cajan ya ce, yana kallon ƙasa, ai duk sanda mutanen nan masu kawo waya a aljihu suka zo, Injiniya sayo kaya yake tafiya.

Na je caji ofis ko mayafi ban yafa daidai ba. Na same shi zaune a benci bayan kanta. Sufeton ya ce, "Ke ce uwar lauyan nan?" Wai sun rubuta bayani sun ba shi ya sa hannu, ya ce sai ya karanta. Da ya karanta ya ce ba haka ya faɗa ba. Ya gaya musu shekarunsa, ya ce a kira mahaifiyarsa da malamarsa, daga nan bai ƙara cewa komai ba. Matar da na zaga a takarda ita ta zo, da takalmin gida a ƙafarta, ta yi ta magana da su har suka ba ni shi a hannuna, da sharaɗin in mayar da shi ranar Alhamis ya ba da bayani. Ko kallon na-gaya-miki ba ta yi mini ba, wannan ya fi zagi ciwo.

Injiniya ya dawo da yamma. Ya rufe ƙofa ya durƙusa a gabana, har da hawaye. Ya ce kasuwa ce ta yi wuya, kowa a layin yana yi, shi ba ya sata, gogewa kawai yake yi. Sannan ya ce, "Mama, ki sa Auta ya ce shi yake karɓa ba da sanina ba. Yaro ne, ba abin da za a yi masa, faɗa kawai za su yi su sake shi. Ni in na shiga, rumfa ta tafi, gidan nan ya tafi, karatun nasa ma ya tafi." Na ce tebur ɗin da ka sa masa a gaba, don wannan ranar ka sa? Ya ce Allah ya kiyaye, ta yaya zan yi tunanin haka. Amma bai dube ni ba.

Auta kuwa sai yau ya yi mini magana. Ya ce tun yana ƙaramin aji yake goge waya, yana ɗauka gyara ne, har alfahari yake yi ya fi kowa sauri. A ajin nan ya fara jin sunan abin. Ya ce ya yi wa wansa magana, wan ya ce in ya kuskura ya gaya mini, baƙin ciki zai kashe ni. Sai ya ce, "Mama, ranar Alhamis me kike so in ce? Duk wanda kika ce shi zan faɗa."

Yaya, duka biyun ni na haife su. Ɗaya ya riƙe ni tun ranar da aka fita da babansu, ɗaya kuma ni na tura shi da bakina. In na ce ya faɗi gaskiya, na miƙa wansa. In na ce ya ɗauka, wataƙila da gaske a sassauta, wataƙila. Ba na iya barci, ba na iya ɗinki, kuma yanzu ko sallamar Injiniya na ji sai in tsaya ina auna ta. Ka ba direba amsa gobe, don Allah.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na karanta taki, na karanta ta Malamar. Shawarar rumfa tawa ce, ba taki ba, ki sauke wannan daga kanki. Na ga alamar laifi daidai, na ɗora ta a kan wanda ba shi ba.

Kin ce wataƙila a sassauta. Bari in gaya miki abin da na sani. Na ga yara da yawa da suka shigo ɗauke da kayan wani, na wa, na uba, na maigida. Duk an ce musu kwana kaɗan ne. Wasu da gaske ba su daɗe ba. Amma wanda aka ɗaukar wa, ban taɓa ganin ya daina ba, don ya gano yana da mai ɗaukar masa. Shi kuma yaron yana fita da abu biyu, suna a takardar hukuma, da sanin cewa a gidansu an auna shi an ga shi ne mai araha. Na farkon ana iya rayuwa da shi. Na biyun shi ke dawo da su wurinmu, kuma in sun dawo, da laifin kansu suke dawowa.

Injiniya ni ma ɗana ne, a tsakar gidana ya koyi tafiya, kuma ban ce ki daina son sa ba. Ki nemi Malamar ta haɗa ku da lauya, ki gaya masa ya je da ƙafarsa kafin a zo nemansa, hakan yana da amfani a gaban alƙali. Batun gida kuma, ga ɗakin baya nan babu kowa, keke yana shiga mota.

Auta ya san abin da zai faɗa, ya sha maimaita shi a bayan kujerar nan. Ba amsa yake nema a wurinki ba. So yake ya ji ko zai ci gaba da zama ɗanki bayan ya faɗa.

Ina nan tafe da zarar gwiwa ta bar ni na hau mota. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama, da fatan kun tashi lafiya.

Mun je caji ofis ranar Alhamis. A hanya na ce wa Auta ya faɗi abin da ya faru tun daga farko, kada ya rage, kada ya ƙara, kuma tare za mu koma gida. Ya faɗa, Malamar na gefensa. Ya karanta takardar har ƙarshe kafin ya sa hannu. Sun ce za a neme shi shaida. Jiya ya koma makaranta.

Na gaya wa Injiniya kafin mu fita cewa gaskiya Auta zai faɗa, don kada ya ce na yi masa ta bayan fage. Da muka fito daga ofishin sufeto na gan shi zaune a bencin nan na bayan kanta, shi ya kawo kansa. Na yi masa magana, ya kawar da kai. An wuce da shi gidan yari kafin a zauna shari'a.

Ka zo, Yaya, ko da gwiwar. An ce ana barin uwa ta kai abinci, ni kuma ban san ta wace ƙofa ake shiga ba.

Ƙanwarka